Baiwar Allah ta Duwatsun Jos da Baƙon da Ke Cikin Sheƙarta

A gidanmu na cikin birnin Kano, duk inda aka ajiye turmi aka surfa gero ba a rasa 'yan tsuntsayen nan jajaye da muke kira baiwar Allah suna tsintar tsaki a gindinsa. Ba su tsoron mutane, sukan shiga har cikin ɗaki su yi sheƙa a jikin rufi, kuma kakarmu ta hana kowane yaro ya ɗaga musu danƙo. Na girma ina ganinsu kamar yadda nake ganin kaji da tantabaru, ban taɓa tunanin suna da dangi a wani wuri ba. Sai da na fara sha'awar duban tsuntsaye, bayan shekaru masu yawa, na samu labarin cewa akwai wata 'yar'uwarsu da ba ta shiga gida, ba ta rabuwa da duwatsu, wadda masana ba su ba ta suna ba sai a shekarar 1998, kuma a duniya kaf ba a san ta a ko'ina ba sai a tsaunukan arewacin Nijeriya da wani yanki na arewacin Kamaru. Ita ce ta sa na yi shirin tafiya Jos a ƙarshen watan Oktoba, lokacin da damina ke naɗe tabarmarta, ciyawa ta yi 'ya'ya, tsuntsaye masu cin ƙwaya kuma suna kan sheƙa.

Mun tashi daga Kano bayan sallar asuba, muka bi ta Kwanar Ɗangora da Tudun Wada, muka ratsa dajin Falgore, muka huta a Saminaka. Daga Jengre ne mota ta fara nishi saboda hawa, iska ta sauya, dawa da gero suka ja baya, aka fara ganin gonakin acca da na dankalin Turawa waɗanda aka kewaye da shingen ƙerana. Birnin Jos yana bisa tudun da ya kai kimanin mita 1,200 daga leɓen teku, tsaunin Shere da ke gabashinsa kuwa ya kai mita 1,829, don haka mutumin Kano da ya iso da riga shara-shara yakan nemi bargo tun kafin magariba. Na kwana a cikin gari, washegari da duku-duku na hau motar da ke zuwa Laminga.

Laminga ƙauye ne na Afizere, waɗanda Hausawa suka fi sani da Jarawa, a Ƙaramar Hukumar Jos ta Gabas, kimanin kilomita 15 daga birnin. A jikinsa ne dajin Amurum yake. Ba babban daji ba ne, hekta 300 ne ko kusa da haka, mai ƙarfin ƙafa zai iya kewaye shi a wuni guda, amma an ƙidaya nau'o'in tsuntsaye kusan 300 a cikinsa, kuma yana cikin wuraren da ƙungiyar BirdLife International ta ware a matsayin muhimman matsugunan tsuntsaye na duniya. A nan ne aka kafa Cibiyar Nazarin Tsuntsaye ta A. P. Leventis, wadda ake kira APLORI a taƙaice, a farkon shekarun 2000, da haɗin gwiwar Jami'ar Jos da Gidauniyar Kare Muhalli ta Nijeriya da mutanen Laminga su kansu. Ɗalibai daga ƙasashen Afirka ta Yamma suna zuwa su yi digiri na biyu a fannin kare halittu. Abin da ya fi burge ni shi ne cewa wanda aka haɗa ni da shi ya yi mini jagora ɗan ƙauyen ne, manomi, wanda ya san kukan kowane tsuntsu kamar yadda makiyayi ya san shanunsa.

Dajin kashi uku ne a ido. Akwai filin ciyawa mai gajerun itatuwa, akwai kurmi mai duhu da ya bi gefen rafi, sannan akwai duwatsu, manyan ƙwallayen dutse da suka hau kan juna kamar an jera su da hannu, baure da ƙananan kurmusai suna fitowa daga tsakaninsu. Jagorana bai tsaya a filin ba, kai tsaye ya nufi gindin duwatsun, ya nuna mini wani falalen dutse ya ce, “Malam, zauna nan, kada ka yi motsi, su za su zo da kansu.” Sanyi yana ratsa ƙashi, raɓa ta jiƙa mini wando har gwiwa. Mun fi rabin sa'a ba mu ga komai ba sai wasu tsuntsaye da ba su muka zo nema ba. Da rana ta leƙo ta kan dutsen, sai na ji wani siririn kuka mai karkarwa daga ƙarƙashin wani kurmus, jagoran ya taɓa mini gwiwa, na ɗaga madubin hangen nesa.

Biyu ne, miji da mata, suna tsalle a wani ɗan fili tsakanin duwatsu biyu suna tsintar 'ya'yan ciyawa. Girmansu bai wuce na baiwar Allah ta gida ba, santimita 10 ko 11 daga baki zuwa jela, amma da kallo ɗaya na gane ba ita ba ce. Ta gida bakinta ja ne, namijin yana da rawayen zobe a kewayen ido, bayansa kuma ya fi karkata ga launin ƙasa. Wannan kuwa bakinsa shuɗi-shuɗi ne mai ruwan toka, saman kansa ruwan toka, fuskarsa da ƙirjinsa ja wur, ƙarƙashin jelarsa baƙi, ga 'yan ɗigo-ɗigon fari a gefen ƙirji kamar an yayyafa masa gari. Bayansa ne abin kallo, domin ja ne mai duhu irin na jini, kuma shi ya ba shi sunansa na kimiyya, Lagonosticta sanguinodorsalis, wanda kalmarsa ta biyu ke nufin mai baya launin jini. Macen ba ta kai shi ja ba, launinta ya ɗan dushe. Ba su yi minti uku ba suka faɗa cikin tsagin dutse, amma na daɗe ina riƙe da madubin a ido bayan sun tafi.

A tsarin da masana suke rarraba halittu, wannan tsuntsuwa tana cikin babban rukunin da ake kira Passeriformes, wato tsuntsaye masu yatsu uku a gaba da ɗaya a baya waɗanda suke damƙe reshe idan sun sauka, kuma wannan rukuni shi kaɗai ya ƙunshi fiye da rabin nau'o'in tsuntsayen duniya. A cikinsa tana ɓangaren masu rera waƙa, waɗanda Allah ya hore wa maƙogwaro mai tsokoki da yawa, kuma suke koyon waƙarsu daga manya maimakon su fito da ita daga ƙwai. Danginta na kusa su ne Estrildidae, ƙananan masu cin ƙwaya da suka bazu a Afirka da kudancin Asiya da Ostareliya, nau'i kimanin 140, cikinsu har da asisi mai shuɗin ƙirji da muka sani a gida. Zuriyarta ta Lagonosticta kuwa nau'i goma ne ko ɗan fiye da haka, dukansu 'yan Afirka ne kudu da Sahara. Akwai wadda aka sani a duwatsun Mali, akwai ta Chadi, akwai wata mai shuɗin baki da ta yaɗu a sassa da yawa na nahiyar, kuma kamannin da ke tsakanin waɗannan ne ya sa ta Jos ta daɗe a ɓoye, duk wanda ya gan ta sai ya ɗauka ɗaya ce daga cikin waɗanda aka riga aka sani. Ni dai na kira ta baiwar Allah ta duwatsu, domin haka ma'anar sunanta take a bakin masu duban tsuntsaye.

Yadda aka gano ta shi ne abin da ya fi riƙe zuciyata a tafiyar nan, kuma ba zai fahimtu ba sai an kawo maganar wani tsuntsu dabam. Da hantsi muna saukowa, jagorana ya tsaya ya nuna mini ƙololuwar wani busasshen reshe. Wani ɗan baƙin tsuntsu ne a kai, mai farin baki, yana ta rera waƙa ba ƙaƙƙautawa. Idan rana ta doke shi sai gashinsa ya yi sheƙi kamar rawanin ɗan Kura da ya sha shuni da bugu, sai dai nasa sheƙin ya karkata ga kore. Saboda wannan sheƙi ne ake danganta irinsu da shuni, ni ma zan kira shi ɗan shuni na Jos, sunansa na kimiyya kuwa Vidua maryae. Dangin zalaidu ne mai dogon wutsiya, kuma duk danginsu ba su yin sheƙa, ba su kwanci, ba su ciyar da 'ya'ya. Macen takan faki idon wata tsuntsuwa ta saka ƙwanta a cikin sheƙarta ta tafi abinta. Kowane nau'in ɗan shuni yana da gidan da yake kai riƙo: wanda muke gani a kan wayar lantarki a Kano, mai jan ƙafa, a sheƙar baiwar Allah ta gida yake tashi, wannan na Jos kuwa ba shi da uwar riƙo sai baiwar Allah ta duwatsu.

Dabarar ta wuce saka ƙwai kawai. 'Ya'yan baiwar Allah suna da ɗigo-ɗigo da launuka a cikin bakinsu da gefensa, waɗanda iyaye suke gani idan sun buɗe baki neman abinci, kuma kowane nau'i da irin nasa zanen. Ɗan shunin da aka ƙyanƙyashe a sheƙar yakan fito da zane mai kama da na 'ya'yan masu gida, sai a ciyar da shi tare da su. Ba ya turo ƙwai ko 'ya'yan masu sheƙa waje kamar yadda wasu tsuntsaye masu wannan ɗabi'a suke yi, tare suke tashi, ko da yake bakin da ya ƙaru yakan rage rabon sauran. Yana cikin wannan zama ne yake haddace waƙar uban riƙonsa, idan ya balaga kuma sai ya riƙa cusa ta a cikin tasa waƙar. Macen da ta tashi a irin wannan sheƙa ita ma takan zaɓi namijin da ke rera waƙar gidan da aka rene ta, sannan ta koma irin wannan gida ta saka ƙwanta. Hausawa sun ce kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Na daɗe ina jin karin maganar nan, amma ban taɓa tsayawa a gaban tsuntsun da ya gaskata ta ta wannan fuska ba, domin shi gidansu ba inda jininsa ya fito ba ne, inda aka ba shi abinci ne.

Wani masanin tsuntsaye na Jami'ar Michigan ta Amurka, Robert Payne, ya shafe shekaru da yawa yana bin 'yan shuni a ƙasashen Afirka, yana naɗar waƙoƙinsu yana gano uwar riƙon kowanne ta hanyar waƙar da yake kwaikwayo. A 1982 ya ba na tudun Jos suna. Sai dai waƙar da wannan tsuntsu ke kwaikwayo ba ta yi daidai da ta kowace baiwar Allah da aka tabbatar ba, wanda ke nuna cewa akwai mai waƙar a wani wuri cikin duwatsun. Da aka bi sawu aka same ta, aka gwada gashinta da waƙarta da na sauran, sai ta tabbata nau'i ce mai zaman kanta, Payne kuma ya wallafa bayaninta a mujallar Ibis a 1998. Baƙon da ke cin arzikinta shi ne ya yi shelar cewa tana nan. Na roƙi jagorana ya nuna mini inda kwaikwayon yake a cikin waƙar, sai ya riƙa ɗaga yatsa duk lokacin da ɗan shunin ya bar caccakarsa mai kaushi ya shiga wata siririyar karkarwa, kuma a karo na uku ko na huɗu na gane da kunnena cewa ita ce muryar da na ji da sassafe a ƙarƙashin kurmus.

Inda ake samun tsuntsayen biyu ba shi da faɗi. Tudun Jos ne cibiyarsu, tare da tsaunukan da ke gefensa irin na Kagoro a kudancin Jihar Kaduna da na Panshanu a kan hanyar Bauchi, sai kuma duwatsun Mandara da suka raba Nijeriya da Kamaru, inda aka tabbatar da ganinsu a ɓangaren Kamaru. Ko a cikin wannan yanki ba ko'ina suke ba. Taswira takan shafa wa wurin launi ɗaya kamar tsuntsuwar ta cika shi, alhali a ƙasa tana zaune ne dutse-dutse, kowane tsauni kamar tsibiri, gonaki da garuruwa sun raba shi da na gaba. Binciken da aka yi a Amurum, inda aka maƙala wa wasu daga cikinsu 'yan na'urori aka bi zirga-zirgarsu, ya nuna cewa miji da mata suna zama tare, suna fifita duwatsu masu kurmusai a kan buɗaɗɗen fili, suna hayayyafa daga ƙarshen damina zuwa farkon rani, kuma da rani yankin da suke yawo yakan faɗaɗa saboda dole su sauka neman ruwa a rafukan kurmi. Mai cin busasshiyar ƙwaya ba ya iya nisa da ruwa. Wannan yana nufin dutse shi kaɗai bai wadatar da ita ba, sai da ciyawar da ke gindinsa da kuma rafin da ba ya ƙafewa a kusa da shi.

A kundin Ƙungiyar Kare Halittu ta Duniya, IUCN, wanda aka fara tun 1964 kuma BirdLife ke tantance ɓangaren tsuntsayensa, an sanya baiwar Allah ta duwatsu da ɗan shuni na Jos a matakin da ya fi kowane sauƙi, wato na waɗanda ba a fargabar ɓacewarsu a yanzu. Ma'aunin yana da ƙa'idoji. Kafin a ce nau'i yana cikin haɗari sai an nuna, misali, cewa yawansa ya ragu da kashi 30 cikin 100 a shekara goma ko a zuriya uku, ko yankinsa bai kai murabba'in kilomita 20,000 ba kuma yana tsukewa ko yana tsinkewa, ko manyan da ke hayayyafa ba su kai 10,000 ba kuma suna raguwa. Tsuntsayen nan biyu ba su faɗa cikin waɗannan sharuɗɗa ba, kuma akwai dalili mai kyau a kan haka, domin dutse ba ya nomuwa, ba a gina gida a kansa da sauƙi, don haka mazauninsu ya fi na tsuntsayen fili da na fadama tsira. Ban ƙi hukuncin ba. Abin da nake tsoro shi ne yadda mai karatu zai fassara shi da cewa babu abin yi, alhali matakin yana bayyana halin da ake ciki ne a lokacin tantancewa, bai yi alkawarin gobe ba.

Abin da na gani da idona a wajen iyakar dajin ne ya sa nake faɗin haka. A kan hanyar komawa gari mun wuce wurare da dama da ake fasa dutse, mata da yara suna zaune da guduma suna mayar da shi tsakuwa, manyan motoci suna ɗiba zuwa wuraren gini, domin Jos tana faɗaɗa ta kowace kusurwa. Dutsen da ake ganin ba mai iya taɓa shi, nakiya tana rushe shi a 'yan watanni. Kurmusan da ke tsakanin duwatsu ana sare su don itacen girki, ciyawar gindin tsauni dabbobi suna cinye ta kafin ta zubar da ƙwaya, abin da ya rage kuma wutar daji ta lashe da rani. Tudun ya riga ya sha wahalar haƙar kuza tun farkon ƙarni na 20, ramukan da aka bari sun zama kududdufai da ake gani ko'ina. Ba na zargin matar da ke fasa dutse don ta ciyar da 'ya'yanta, ko mai saran itace da ba shi da kuɗin kananzir ko iskar gas. Amma idan tsauni ɗaya ya tafi, ba tsuntsu ɗaya ya rasa gida ba, biyu ne, kuma na biyun ba shi da wata ƙofar da zai ƙwanƙwasa, tunda zanen bakin 'ya'yansa da waƙar da matansa ke amsawa duk na gida ɗaya ne.

A cikin Amurum kuwa bambancin a fili yake. Ciyawa ta kai ƙugu, kurmin rafi yana nan da inuwarsa, kuma jagorana ya ce mutanen ƙauyen sun amince da hana saran itace da farauta a ciki, 'ya'yansu kuma suna samun aiki a cibiyar. A safiyata ta ƙarshe na tarar ana aikin sanya zobe. Sun kafa wata raga mai laushi wadda ido ba ya gani sosai a tsakanin itatuwa, duk tsuntsun da ya faɗa sai a ciro shi a hankali, a auna nauyinsa da tsawon fiffikensa, a sa masa ɗan zoben ƙarfe mai lamba a ƙafa, a rubuta, a sake shi. Da irin wannan rubutu na shekara da shekaru ne ake sanin ko tsuntsu yana ƙaruwa ko yana raguwa, kuma da shi ne za a iya sauya matakinsa a kundin duniya idan hali ya sauya. A cikin waɗanda suka shiga ragar a ranar akwai baƙi da suka ƙetaro Sahara daga Turai don su yi hunturu a nan, akwai kuma namijin baiwar Allah ta duwatsu guda ɗaya. Ɗalibar da ke riƙe da shi ta juyo da bayansa wajen rana don in ga jan da kyau, sannan ta buɗe tafin hannunta, ya yi fir ya nufi duwatsu.

Na dawo Kano da daddare. Bayan kwana biyu, da la'asar, ina zaune a tsakar gida ana sheƙar gero, 'yan baiwar Allah huɗu suna tsinta a gindin turmi, sai na ji caccaka daga kan wayar lantarkin da ta ratsa ta saman katangarmu. Ɗan baƙin tsuntsu ne mai farin baki da jan ƙafa, irin wanda na yi shekaru ina wucewa ban ɗaga kai ba. Na kira ƙaramin ɗana na ce ya yi shiru ya saurara, muka jira har ya bar caccakar ya shiga siririn kukan nan mai taushi na baiwar Allah, sai na ɗaga masa yatsa kamar yadda aka ɗaga mini a Laminga.